Malamar Lissafi Da x = x + 1 Ta Gagara

Assalamu alaikum Anti Shetu,

Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan, don ni kaina ban san ta inda zan fara ba. Idan kin ga na yi gabas na yi yamma, haka kan nawa yake tun da aka shiga hutun nan.

Ni malama ce. Na haura shekara ashirin ina koyar da lissafi ga 'yan JHS, wato ƙaramar sakandare, a wata makaranta mai zaman kanta a unguwar Zogbeli, shekaruna kuwa sun doshi hamsin. A unguwa ba mai kirana da sunan yanka. Daga masu keken haya mai ƙafa uku da muke kira yelo-yelo har matan da ke sayar da koko a ƙofar makaranta, Madam Maths kowa ke ce mini. Yaran da suka bi ta hannuna wasu nas ne yanzu, wasu suna koyarwa, wasu sun tafi Accra da Kumasi. Ba yabon kai nake yi ba, so nake ki san daga inda na faɗo.

Gab da a tashi hutu malamin kwamfutarmu ya sami aiki a kudu ya tafi. Sai mai makarantar, Malam Abdul-Baki, ya ce ba shi da halin ɗaukar sabon malami don darasi ɗaya, zai tura biyu daga cikinmu kwas a wata cibiya a Dungu mu koyi kodin, wato rubuta wa kwamfuta umarni, mu dawo mu koya wa yara. Ni ya fara zaɓa. A gaban duk malamai ya ce ai wannan abu ɗan'uwan lissafi ne, Madam Maths cikin mako guda za ta haɗiye shi. Ta biyu ita ce ƙawata Zuweira mai koyar da Turanci. Ni da Zuweira tare muka fara aiki, tare muka yi goyon 'ya'yanmu na fari, kwano ɗaya muke cin wake da shinkafa a ɗakin malamai. Ita ba ta ma so zuwa ba, tana cewa ita da lambobi ba sa ga maciji. Ni na lallashe ta, na ce ta zo kawai, duk abin da ya shige mata duhu zan warware mata. A moto ɗina, wato babur, muke tafiya, ina tuƙi tana baya.

Yaren da ake koya mana sunansa Python. Mai koyarwar, Abdul-Manan, mutum ne mai fara'a, ba ya wulaƙanta kowa, sai dai yana da sauri, kuma yawanci da Turanci yake yi, sai can ya jefa Hausa ko Dagbani. Ranar farko lafiya lau, muka sa kwamfuta ta gaishe mu, muka yi ta murna kamar yara. Da aka zo kan abin da ake kira bariyabul ne ƙasa ta fara zame mini.

Ya ce bariyabul kamar akwati ne mai suna a jiki, ka zuba abu ciki. Ya rubuta x = 5. Na ce a raina, to, wannan ai gidana ne. Sai ya sauko layi na biyu ya rubuta x = x + 1, ya latsa, kwamfuta ta fito da 6, kowa ya gyaɗa kai.

Anti, yaron da ya rubuta mini x = x + 1 a jarrabawa, jan biro zan zaga masa in kira shi gefe. Ta yaya abu zai yi daidai da kansa da ƙarin ɗaya? Na ɗaga hannu na tambaya. Abdul-Manan ya ce x ne ya sauya. Na ce a lissafi idan an ce x biyar ne, to biyar ne har a gama tambayar. Ya ce a nan ba haka ba ne, in karɓa kawai, zan saba. Ni kuwa ban iya karɓar abu haka kawai ba, ban kuma taɓa ce wa ɗalibina ya karɓa kawai ba. Na miƙe na je gaban allo na karɓi alƙalamin allo daga hannunsa, na cire x daga kowane ɓangare, ya rage 0 = 1. Na juyo na ce ga abin da kwamfutarku take faɗa, sifili daidai yake da ɗaya.

Aji ya ɗauki dariya. Abdul-Manan yana murmushi ya ce, "Madam, kwamfuta ba ya ƙarya, mu dai ba maths muke yi a nan ba." Wannan bai dame ni sosai ba. Abin da ya soke ni shi ne muryar Zuweira daga kujerarmu tana cewa, "Yau Madam Maths ta kama kwamfuta da satar amsa!" Aka sake fashewa. Na san da wasa ta faɗa, irin wasan da muka saba ne. Amma ranar na dawo kujera kunnuwana suna zafi.

Daga nan abubuwa suka yi ta hawa kan juna. Aka ce mu rubuta ɗan shirin da zai tambayi makin yaro na gwaji da na jarrabawa ya haɗa. Na bi yadda aka nuna, na sa input sau biyu, na shigar da 40, na shigar da 35. Kin san abin da ta ba ni? 4035. Na sake, 4035. Na sauya laftof, 4035. Na leƙa na Zuweira, nata 75 zaune daram. Bambancin kawai ta sa wata kalma int a gaba. Na tambayi dalili, Abdul-Manan ya ce nawa sitirin ne, nata intija. To ni da idona ina ganin arba'in. Arba'in ɗin da na buga da yatsana shi ta buga da nata. Yaushe nawa ya tashi daga lamba ya koma wani abu?

Na raba 10 da 2, ta ce 5.0, wai shi kuma fulot ne, dangi daban da 5. Na haɗa 0.1 da 0.2, ta ba ni 0.30000000000000004. Wallahi na ƙirga sifilin nan da bakin biro don in tabbatar ba idona ba ne. Na ninka "5" sau uku, ta ce 555. Na rubuta suna = Zakir, ta watso mini jan rubutu wai ba ta san Zakir ba, sai na sa masa alamar zancen wani sannan ta yarda. Na rubuta Maki da babban baƙi a sama, maki da ƙarami a ƙasa, ta ce mutane biyu ne. Da na gane int ce maganin 4035, sai na riƙa sa ta ko'ina. Na sa wa lambar wayata, ta cinye sifilin farko, lambar ta zama ta wanda ban sani ba. Abdul-Manan ya ce ai lambar waya ba lamba ba ce. Anti, lambar waya ba lamba ba ce! Sannan ga alamar daidai guda ɗaya, ga kuma guda biyu a jere, wai aikinsu daban, guda biyun su ke haifar da True ko False. Duk lokacin da na ce na kama bakin zaren, sai wani ya ɓullo ta baya.

Ita kuwa Zuweira kamar da shi aka haife ta. Har wasu ke zuwa kujerarmu tana nuna musu. Na daina ɗaukarta a moto, na ce mata ina biyawa wani wuri. Yanzu yelo-yelo take hawa.

Yanzu zan faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba, har maigidana. Mahaifiyata, Mma, tana wurina a Changli. Shekaru kaɗan da suka wuce mantuwa ta fara kama ta, yanzu abin ya yi nisa. Mace ce da a da ta san kan kowane gida a zango, wa ya haifi wa, wa ya auri wa, ita ake tambaya idan za a yi rabon goron biki. Yanzu takan kira ni Hasanatu, sunan yayata da ta rasu. Takan ɗaura mayafi ta kama hanya wai za ta koma tsohon gidanmu na Zogbeli, wanda aka rushe tuntuni. Ni ke mata wanka, ni ke ba ta abinci, barcina rabi ne don kada ta buɗe ƙofa ta fita. Kuma na tuna sarai yadda nata ya fara: gishiri sau biyu a miya, tambaya ɗaya sau uku, abin da ta saba yi ya riƙa ruɗa ta.

To a cikin hutun nan ni ma na zuba gishiri sau biyu a miyar ayoyo. Na nemi makullin moto har na gaji, ashe yana cikin firij kusa da kankana. Na haɗu da tsohon ɗalibina a Aboabo, ya durƙusa yana gaishe ni, sunansa ya ɓace mini ɓat. Sai in zauna gaban laftof bayan sallar asuba, in ga arba'in da talatin da biyar sun ƙi zama saba'in da biyar, in ce shi ke nan, nawa ne ya fara. Wataƙila abin nan mai sauƙi ne, kowa ya gane, ƙwaƙwalwata ce ta fara tafiya.

Ranar wata Lahadi da la'asar Zuweira ta zo gida da laftof ɗinta da ledar ƙosai. Ta ce ta zo mu yi bita tare, kuma idan maganar da ta yi a aji ce ta ɓata mini rai in yafe mata. Na shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, ina amsa mata sama-sama. Muna nan sai Mma ta fito daga ɗaki. Ta dubi Zuweira, fuskarta ta washe, ta kira ta da sunanta, ta tambaye ta mutan gida, har da sunan mijinta. Sannan ta juyo ta dube ni, ta ce da Zuweira, "Wannan baƙuwar fa, tare kuke?"

Ban san lokacin da na tashi na shige ɗaki na turo ƙofa ba. Na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar yayata. Zuweira ta yi ta ƙwanƙwasawa, ban buɗe ba. Da na fito ta tafi, ta bar ƙosan a rufe. Na san ta ɗauka saboda ita ne. Ban kira ta ba, ita ma ba ta sake zuwa ba, sai gaisuwa a waya.

Shekaranjiya Malam Abdul-Baki ya kira ni ofis. Ya ce Abdul-Manan ya gaya masa ina shan wahala. Ya ce da an dawo hutu zan yi darasin gwaji a gabansa a kan bariyabul da ire-iren bayanai. Bai faɗa kai tsaye ba, amma ya ce akwai matasa da suka kawo takardunsu masu iya haɗa lissafi da kwamfuta. Sannan ya ce Zuweira ta same shi ta ce a ba ta duk azuzuwan kwamfuta ita kaɗai, a bar ni da lissafina. Na fito ofis ɗin ban san me nake ji ba. Wani sashe na zuciyata na cewa rufa mini asiri take yi. Wani na cewa ta bi ta bayana ta nuna wa mai makaranta na gaza. Me ya sa ba ta fara gaya mini ba?

Maigidana, Alhaji Tijani, cewa ya yi in ajiye aikin gaba ɗaya in zauna da Mma, shagonsa na kayan moto zai riƙe mu, ba zai zuba ido yara su mayar da ni abin dariya da girmana ba. Da kyakkyawar niyya ya faɗa. Amma ni idan aka raba ni da allo ban san ko wace ce ni ba.

Anti Shetu, in ajiye aikin? In karɓi tayin Zuweira in haɗiye kunya? Ko in tsaya in yi darasin nan alhali ni kaina ban yarda da abin da zan koyar ba? Kuma ki gaya mini tsakani da Allah, abin da ya sami Mma ne yake samuna? Idan kuma da wanda ya san yadda x za ta yi daidai da x + 1, don Allah ya faɗa mini da Hausa.

Taki cikin ruɗani,
Wadda lissafi ya kwance wa, Changli

*

Wa alaikumus salam Malama,

Sannu da ɗawainiya, Allah ya saka miki da alheri a kan abin da kike yi wa Mma. Kin haɗa kaya uku a ɗauri ɗaya: darasin kwamfuta, ƙawarki, da tsoron da kike kwana da shi. Bari mu kwance su, mu fara da mafi nauyi.

Ni ba likita ba ce, kuma ba a gane ciwo ta wasiƙa. Amma zan gaya miki abin da na gani. Na kai wasiƙarki wurin Awal, abokin aikinmu mai kula da shafin jaridar nan a intanet, ya buga duk misalanki ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ya fito yadda kika faɗa, har sifilin nan da kika ƙirga da biro, ko ɗaya ba ki rage ba. Kin riƙe abin da aka faɗa a aji, kin riƙe wanda ya faɗa, kin jero su bi da bi. Wannan ya kamata ya ɗan kwantar miki da hankali. Macen da barcinta rabi ne, tana jinya, tana aiki, tana karatu, ga shekarun da jikin mace ke sauyawa, ba abin mamaki ba ne ta sa makulli a firij. Duk da haka kada ki tsaya a maganata. Ki je asibiti a duba jininki da sukari da hawan jini, ki buɗe baki ki gaya wa likita tsoronki da tarihin Mma. Idan ba komai, kin sauke dutse daga ƙirji. Idan da wani abu, gara a gan shi da wuri. Kuma ki gaya wa Alhaji. Shawarar da ya ba ki ya ba da ita ne bai san rabin abin da ke damunki ba.

Yanzu ga x ɗinki, da Hausa kamar yadda kika roƙa. A gaban allo gaskiyarki ce: a lissafi x = x + 1 shirme ne. Kuskuren Abdul-Manan shi ne da ya ce ki karɓa kawai, maimakon ya gaya miki cewa alamar nan aro aka yi daga lissafi aka ba ta wani aiki. A Python alamar daidai guda ɗaya umarni ce. Ma'anarta: lissafa abin da ke dama, ka ajiye shi da sunan da ke hagu. Kuma ke kina yin haka kullum. Da safe kin rubuta a kusurwar allo cewa yara 31 suka zo. Can sai ga wani ya shigo a makare. Me kike yi? Ki dubi abin da ke wurin, ki ƙara ɗaya, ki goge, ki rubuta 32. Kusurwar tana nan da sunanta, abin da ke ciki ne ya sauya. To x = x + 1 ke nan. Daga yau idan kin ga alamar, kada bakinki ya ce "daidai da", ya ce "ya zama": x ya zama tsohon x da ƙarin ɗaya. Alamar daidai irin taki ta lissafi, mai auna ɓangare biyu, ita ce guda biyun nan a jere. Tambaya ce, amsarta True ko False, wato e ko a'a. Ki buga x == x + 1 ki gani. False za ta ce miki. Kwamfutar ma tana bayanki.

Batun 4035 kuwa, kwamfuta ba ta ganin abin da idonki ke gani, sai an gaya mata irin abin da aka miƙa mata. Duk abin da ya shigo ta input, ko aka sa masa alamar zancen wani, a wurinta rubutu ne, shi ne sitirin. Idan aka ce ta haɗa rubutu biyu, jera su take yi gefe da gefe, kamar yaron aji ɗaya da aka ba katin 40 da katin 35 ya manna su. Kalmar int ita ke ce mata wannan adadi ne cikakke, a yi lissafi da shi. Lambar waya kuwa, kin taɓa tara taki da ta Alhaji ki raba biyu? Suna ce da aka rubuta da lambobi, shi ya sa ake barinta a rubutu, sifilinta ya zauna lafiya. Ki riƙa tambayar kanki: abin nan lissafi zan yi da shi, ko kira kawai? Zakir da babu alama kuma, ɗauka ta yi sunan wani bariyabul ne, ta duba ba ta same shi ba.

Fulot lamba ce mai ɗigo, kuma rabawa da alamar / kullum irinta take bayarwa, ko da ba saura. Doguwar amsar 0.1 da 0.2 kuwa, ke za ki fi kowa a ajin nan gane ta. Rubuta ɗaya bisa uku da ɗigo: 0.333, ba ta ƙarewa, dole ki yanke a wani wuri. Kwamfuta da tushe biyu take ƙirga, kuma a tushe biyu ɗaya bisa goma ce ba ta ƙarewa. Ta yanke, ɗan ɓurɓushi ya rage. Idan kin sake shakkar irin abu, ki buga type(x), za ta faɗa miki da bakinta.

Kin ga ashe sanin da kika yi wa alamar nan shekara da shekaru ne ya tare miki hanya. Zuweira ba ta da tsohuwar ma'anar da za ta ture, ga shi aikinta ke nan bambance suna da aiki da sifa, sa alamar zance, kula da babban baƙi da ƙarami. Nan filinta ne. Ki jira a iso inda ake warware matsala mataki-mataki, za ki ga wanda zai leƙa laftof ɗin wani.

Sai ƙawarki. Wasan da ta yi a aji bai dace da wurin ba, kuma ya kamata ta fara shawartarki kafin ta je wurin mai makaranta. Kina da haƙƙin jin zafin waɗannan biyun, ki kuma gaya mata. Amma ki duba nata ɓangaren. Kin sauke ta daga moto ba bayani. Ta tako har gida ta ba ki haƙuri, aka rufe mata ƙofa, ba ta san dalili ba har yau. Ta ina za ta shawarce ki? Mai son kujerarki shiru za ta yi ta bari ki faɗi a darasin gwaji. Wadda ta je ta ce a ɗora mata ƙarin azuzuwa a kan nata don a bar miki lissafinki, ban ga alamar mugunta a tare da ita ba. Yanzu ke ce ya kamata ki neme ta. Ki je gidanta, kada ki yi ta waya. Ki gaya mata abin da ya sa ki kuka ranar nan. Shekara ashirin tana cin abinci kwano ɗaya da ke, ta cancanci ta sani.

Tayin nata kuma kada ki karɓa duka, kada ki ƙi duka. Ku je wurin Malam Abdul-Baki tare, ku ce za ku raba azuzuwan kwamfutar: ke ki ɗauki 'yan aji ɗaya, ita ta riƙe na sama a zangon farko, ku riƙa shirya darasi tare. Mai makarantar da ya ga malamansa biyu sun zo masa da tsari ba zai yi gaggawar buɗe takardun baƙi ba. Ki kuma sami Abdul-Manan a gefe ki roƙe shi ya rage gudu, ya riƙa faɗin dalili. Na tabbata akwai wasu a ajin da suka gyaɗa kai ba su gane ba.

Aiki kuwa kada ki ajiye shi cikin tsoro. Alhaji ya yi gaskiya cewa kayan sun yi miki yawa, sai dai ba makaranta ce ya kamata a sauke ba. Jinyar Mma ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Ki tara 'yan'uwa a yi magana a raba kwana, ko a samo mace mai amana ta riƙa kama miki, ki sami barci. A kai Mma wurin likita ita ma idan an jima ba a je ba. Ranar da ta kira ki baƙuwa, ciwon ne ya yi magana. Hannun da ke mata wanka ta san shi, ko da sunan ya ɓace mata.

Ranar darasin gwaji kada ki ɓoye wahalar da kika sha. Ki sa yara su faɗi amsar da suke tsammani kafin ki latsa, ki bar su su yi ihu idan kwamfuta ta saɓa musu, sannan ki tambaye su dalili. A kowane aji akwai yarinya a layin baya da za ta ruɗe, ta sunkuyar da kai, ta yanke wa kanta hukuncin cewa ita ce daƙiƙiya. Malamin da abin ya zo masa da sauƙi zai wuce ta bai lura ba. Ke daga ƙofa za ki hango ta. Ki je ki ja kujera ki zauna kusa da ita.

Allah ya ba Mma sauƙi, ya ƙara miki lafiya da natsuwa, ya daidaita tsakaninki da ƙawarki, ya sa ki fito darasin nan da farin ciki.

Taki,
Anti Shetu